Shafin Uwa a Littafin Bebi

"Ki faɗa wa mai gyaran keken ɗinkin nan ya daina zuwa ƙofar gidan nan."

Umma ce ta faɗi haka tana jijjiga Bebi a cinyarta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuma ina durƙushe ina wanke fidar da Bebi take shan madara da ita a cikin roba.

Na ce, "Umma, me ya yi?"

"Bai yi komai ba."

"Ba ke kika ce masa ya turo manyansa ba?"

"Lokacin da na faɗa Auta tana da rai."

Na ci gaba da dirzar fida har yatsana ya yi zafi. Ba na iya musu da Umma in an ambaci Auta.

Mu biyu Umma ta haifa, ni ce babba. Na taɓa aure bai yi ƙarko ba, ban haihu ba, na dawo gida na kama ɗinki. Auta kuwa ta auri wani mai kemis, suna zamansu lafiya. Ta haifi Bebi da hantsi, har ta riƙe ta, ta dube ni tana dariya ta ce, "Yaya, zo ki ga kunnuwanki, wallahi an cuce ni." Daga nan jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar ƙanwata ta tafi.

Tun daga ranar Bebi a bayana take. Ni nake haɗa mata madara, ni nake yi mata wanka, da ƙarar kekena take barci.

Mijin Auta ya bari aka daina zuwa gaisuwa, sannan ya zo wurin Umma da maganarsa. Ko dai in aure shi in riƙe yarinyar a gidansa, ko ya kai ta wurin yayarsa a wani gari. Mutumin da kullum yake ce min Yaya yana sunkuyar da kai, shi ne yanzu yake ce min Maman Bebi.

"Ki duba yarinyar nan," in ji Umma. "Ke da Allah bai ba ki haihuwa ba, ga 'ya an aje miki a hannu. Me kike nema kuma?"

"A gadon ƙanwata zan kwanta, Umma?"

"Gado katako ne, ana canzawa."

Na kife robar da ƙarfi, ruwa ya fantsama har bakin ƙofa. Na ɗauki Bebi na goya, na saɓi jakarta, na ce zan je kasuwa.

Tun Auta tana da ciki take damuna da maganar wani littafi da ta gani a wurin ƙawarta, wanda ake rubuta tarihin jariri a ciki, a manna hotuna, har a dangwala tafin ƙafarsa. Haushinta shi ne ba ta da hoton jarirantaka ko ɗaya, kuma in ta tambayi Umma yaushe ta fara tafiya sai Umma ta ce, "Ke ce ko yayarki? Na manta." Ta rantse ɗanta ba zai tashi haka ba. Ba ta samu ta saya ba. Shi na fita nema ranar.

Rumfar Mai Gyara tana kan layin da zan bi. Da ya hango ni sai ya goge hannu a tsumma ya taso.

Shi mutum ne dogo mai sanyin magana. Gyaran keken ɗinki ya haɗa mu. Sau ɗaya kekena ya lalace da gaske, daga nan kuma kullum shi yake jin wata ƙara a cikinsa wadda babu mai ji sai shi.

"Gimbiyar masu ɗinki, wa ya taɓa min ke?"

"Babu."

"Babu ɗin ne ya sa bakinki ya kusa taɓo hancinki?"

Ban yi dariya ba. Ya karɓi jakar Bebi ya rataya a kafaɗarsa, jaka ruwan hoda mai hoton agwagwa, ko kunyar maƙwabtansa bai ji ba. Ban faɗa masa saƙon Umma ba. Na ce a raina sai mun fito.

Shagon kayan jarirai yana da ƙofar gilashi. Ciki ƙamshin hoda, ga ƙananan takalma jere a kanta, ga kekunan koyon tafiya a rataye a sama. Mai shagon wata mata ce mai jiki da tabarau a bakin hanci. Da na faɗa mata abin da nake so sai ta jido littattafai ta zube a kan tebur.

"Ga su nan, zaɓi ya rage naki. Wannan mai laushin bangon shi ake yayi."

Na buɗe mai laushin. Shafin farko an zana fure, an rubuta da manyan baƙaƙe: Ni da Mamana. Na juya. Waƙar da Mama take yi min. Na juya. Ranar da na fara cewa Mama.

Na rufe na ɗauki wani. Shi kuma cewa ya yi: Abin da Mama ta dafa min da na fara cin abinci. Wani har da wurin manna hoton Mama tana yi min wanka.

Na ce, "Duk haka suke?"

"Yaya kike so su kasance?"

"Wanda ya yi su bai san ana mutuwa ba ne?"

Ba ta ji ni ba, don ta zagaya bayana tana leƙen Bebi.

"Tubarkalla! Kai, yarinyar nan ta kwaso kunnuwan uwarta. Ke ce mai jegon? Amma kin yi saurin murmurewa." Ta juya wurin Mai Gyara. "Kai kuma angon ƙarni, an bar ka da jaka."

Ya yi murmushi ya ce, "E, ita ce."

Na juyo na dube shi.

"Me ka ce?"

Murmushin ya gudu. Ya matso ya rage murya. "Don kada ki sake ba da labarin a gaban mutane ki yi kuka. Shi ke nan fa."

"Wa ya ce maka ina tsoron kuka?"

"Yi haƙuri. Amma ai ba ƙarya na yi ba, ke ce uwarta yanzu."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Maganar da nake gudu a gida, ita ce ta biyo ni kasuwa a bakin mutumin da nake ganin ya fi kowa sanina.

"Har kai?"

"Ki saurare ni…"

"Har kai ma? Yarinyar nan tana da uwa. Wata tara tana ɗauke da ita, ƙafafunta suka kumbura har takalmina take ara. Ta ba da jininta kaf a kanta. Ko shekara ba ta yi a ƙasa ba kowa ya ɗauko abin gogewa. Umma ta goge, mijinta ya goge, kai ma ka zo da naka!"

Bebi ta farka ta fara ƙananan kuka. Mai shago ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Baiwar Allah, uwarta ta rasu ne?"

"Ƙanwata ce."

"Wayyo. Allah ya jiƙanta. Bakin nan nawa, kullum sai ya riga ni." Ta tattare littattafan gefe, ta sunkuya ƙarƙashin kanta tana nishi, ta zaro wani ta hure masa ƙura. "Duba wannan. Ba ya tafiya, mutane sun fi son wanda aka riga aka faɗa musu abin da za su rubuta."

Kore ne, bangonsa mai tauri. Babu fure, babu Mama, babu Baba. Gefe ɗaya aljihun leda na saka hoto, ɗaya gefen layuka kawai. Can ƙarshe akwai farin shafi mai kauri na tafin ƙafa.

Na shafa layukan da yatsa. A nan zan rubuta mata cewa uwarta tana tsoron kyankyaso amma ba ta tsoron kowa. Zan rubuta maganar kunnuwa. Rubutuna ba kyau gare shi ba, amma za ta gane.

Na ce, "Shi nake so."

Da muka fito na miƙa hannu. "Ba ni jakar."

"Bari in raka ki ko bakin titi ne."

"Ba ni jakar, na ce. Dama Umma ta ce ka daina zuwa."

Ya tsaya cak. "Umma ce ta ce, ko ke?"

Na fizgi jakar na wuce, ina jin idonsa a bayana har na sha kwana.

Tun daga nesa na hango farar motar mijin Auta a ƙofar gida.

Yana zaune a falo a kan kujerar da Auta take son naɗe ƙafa a kai. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Umma ta aje masa ruwa da lemo, ta saka mayafinta na fita kamar mai jiran manyan baƙi.

"Sannu da dawowa, Maman Bebi."

"Yayar uwarta dai," na ce. "Ina wuni."

Umma ta harare ni. Shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, ya jawo wani kwali mai ƙyalli daga gefensa ya ɗora a kan tebur.

"Marigayiya ta sha yi min maganar littafin tarihin jariri. Na ce bari in cika mata burinta. A wurin masu ɗab'i na sa aka yi shi musamman, babu irinsa a kasuwa."

Ashe ya tuna. Na sauke Bebi na miƙa wa Umma, na zauna a ƙasa na buɗe kwalin.

Littafi ne fari mai nauyi, an rubuta sunan Bebi da ruwan zinare. Shafin farko hotonta ranar da aka haife ta. Na biyu an rubuta Ubana, ga hotonsa da sunansa. Na juya na uku.

An rubuta Uwata. A ƙasa fuskata ce. A ƙarƙashin fuskar sunana ne, da inji aka buga shi, ba abin da za a goge ba.

Na san hoton. Ranar da Auta ta gama makaranta muka ɗauka, ni da ita, ta rungumo ni tana dariya. An yanke ta. An goge wurin da take tsaye an sa furanni. Amma mai yankan bai lura ba, ya bar hannunta a kan kafaɗata. Yatsu huɗu da babban yatsa, da tabon dutsen guga da ya ƙone ta tana ƙarama.

Na ce, "Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran ƙanwata. Ga hannunta nan. Ina ka kai sauran?"

Ya leƙo. Na ga lokacin da ya gani, fuskarsa ta canza.

"Ban lura ba. Zan mayar musu su gyara."

"Su gyara? Su cire hannun ma ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Ka ɗauki hoton matarka ka kai wa wani ƙato, ka tsaya a kansa yana yanke ta kamar ƙyallen da ya yi saura, ka zo nan kana ce min ka cika mata buri? Burinta ke nan? 'Yarta ta buɗe littafi ta ga wata a wurinta?"

"Ke ba wata ba ce."

"Ni wata ce! A shafin nan kowace mace wata ce in ba ita ba!"

Umma ta ce, "Ke, rage murya, akwai maƙwabta."

"Su ji, Umma. Ki duba. Ki duba da idonki."

Na tura mata littafin. Ta gyara Bebi a hannu ɗaya ta sunkuyo. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsanta a kan tabon nan.

"Ni na bar dutsen a ƙasa ranar," ta ce a hankali. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, ta yi sauri ta goge da bakin mayafi.

Na ɗauka shi ke nan, Umma ta dawo gefena. Sai ta ɗago ta ce, "Ki aure shi. Don Allah ki aure shi. In ya tafi da yarinyar nan, ko hannun ma ba ni da shi."

Mijin Auta ya kifa kai a kan gwiwarsa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Tunda nake ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka fita da ita.

"Yaya," ya ce. Rabon da ya kira ni haka har na manta. "Ba na iya kallon fuskarta. Duk hotunanta na kife su. In na shiga ɗakin sai in ji kamar za ta fito daga bayi tana yi min faɗan na bar tawul a gado. Ba na so yarinyar nan ta tashi ana nuna ta ana cewa marainiya."

Ni ma kukan ya ƙwace min. "Marainiya ce. Ko ka buga sunana da zinare marainiya ce. Ka bar min ita in riƙe, in faɗa mata wace ce uwarta. Gidanka da nan ba nisa, kullum ka zo ka gan ta. Me zai ragu?"

"In bar ta ki kai ta gidan mai gyaran keke?"

"Ashe nan ne ciwon."

"'Yata ba za ta tashi tana ce wa wani Baba ba."

"Amma ta tashi tana ce wa wata Mama, wannan ba komai?"

Ya ciro hankici ya share fuska, ya ninke shi a hankali. Da ya sake magana muryarsa ta bushe.

"Na gaji da jira. Yau nake son amsa."

Na dubi Umma, ta kawar da kai. Na dubi Bebi, ta kama bakin mayafin Umma tana tsotsa.

Na ce, "Ba zan aure ka ba. Ko babu mai gyaran keke a duniya ba zan shiga ɗakin Auta ba."

Ya miƙe. "To haɗa min kayanta."

Umma ta saki ƙara. "Ɗana, ka yi wa Allah! Yarinya ce ke magana, ba ta san abin da take faɗa ba!"

"Umma, ba yarinya ba ce. Ta faɗa, na ji."

Ya miƙa hannu. Umma ta ƙanƙame Bebi, shi kuma bai janye ba. Ubanta ne. A ƙarshe hannun Umma ya saki.

Na shiga ɗaki ina haɗa kaya, idona ba ya gani sosai. Riguna, nafkin, gwangwanin madara, fida biyu, man da nake shafa mata a wuya saboda ƙuraje. Koren littafin na bar shi a kan kekena. Na fito ina jan jaka ina magana kamar mahaukaciya.

"Ruwan sai ya huce, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji. Ba ta shan fida mai jan baki, ta ƙi shi. In ta sha ka ɗora ta a kafaɗa sai ta yi gyatsa, in ba haka ba za ta amayar. Ka tallafe kan! Wa ya ce maka haka ake riƙe jariri?"

Bebi ta fara tsala kuka tun kafin ya kai ƙofa. Ta sanƙare, fuskarta ta yi ja, tana juya kai tana nemana. Yana jijjiga ta kamar mai girgiza kwalbar magani.

Muka fito waje. Matan layinmu sun riga sun leƙo, wata da tsintsiya a hannu, wata ta fito da kujera kamar zafi ne ya koro ta.

Ya buɗe mota ya tsaya. Ya dubi sitiyari, ya dubi yarinyar da ke hannunsa. Ya gwada kwantar da ita a kujerar gaba, ta wuntsila za ta faɗo, ya cafe ta. Gumi ya keto masa. Shi kaɗai ya zo, bai yi tunanin wa zai riƙe ta ba.

Ya juyo wurina, ya buɗe ƙofar gaba.

"Shigo ki riƙe min ita."

Na san abin da layin nan zai ce in aka gan ni a motarsa da jaririya a cinya. Kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa na amince.

Sai na hango Mai Gyara a bakin kwana. Ya canza riga, ya taho da saurinsa, da ya ga motar sai ya ja ya tsaya. Yana kallona, ina kallonsa. Tsakaninmu akwai nisa, ba zai ji abin da zan faɗa ba ko da na ɗaga murya.

Kukan Bebi ya kai inda sauti yake ɗaukewa, baki a buɗe, numfashi ya tsaya.

Na karɓe ta. Tana jin jikina ta ja numfashi ta cusa fuska a wuyana.

Na tura ƙofar gaban da ƙafa ta rufe. Na buɗe ta baya na shiga.

"Rakiya na yi wa 'yar ƙanwata," na ce da ƙarfi yadda mai tsintsiya za ta ji. "Kada wanda ya yi min wata fassara."

Ya tayar da mota. Dole ta kwanar nan za mu bi. Da muka zo daidai Mai Gyara na ɗaga hannu zan sauke gilashi, sai Bebi ta damƙe yatsana ta ƙi saki. Muka wuce shi yana tsaye, bai ɗaga hannu ba, bai kuma juya baya ba.